"Na Tashi Hannuna Ya Mutu": Nazarin Ma'anar Wata Jimla da Cututtukan da Take Ƙunshe da Su a Hausar Garin Bauci

1.0 Gabatarwa

Daga cikin koke-koken da ake yawan ji da sassafe a garin Bauci, musamman a watannin Disamba da Janairu idan hunturu ya kankama, akwai faɗin mutum cewa ya tashi daga barci hannunsa ya mutu. Ana jin wannan jimla a bakin ɗan kasuwar Wunti da na Muda Lawal, ana jin ta a wurin tela da mai gadi, ana kuma jin ta a cikin gida wurin matan aure. Galibi ba a ɗaukar ta da wani nauyi. Wanda aka gaya wa yakan ce, "Kwanciya ce, danne shi ka yi," shi kuma mai hannu ya yarfa shi sau biyu ko uku ya kama harkar gabansa. Sau da yawa kuwa gaskiyar ke nan. Sai dai wannan jimla ɗaya ita ce mai ciwon suga yake faɗi, ita ce mai juna biyu take faɗi, ita ce kuma wanda shanyewar ɓarin jiki ta fara kamawa cikin dare yake faɗi, in har bakinsa ya iya furta ta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta warware abubuwan da jimlar take ƙunshe da su, ta jera su kusa da abin da ilimin likitanci ya tabbatar game da musabbabin kowannensu. Za a ga cewa Hausa ba ta da ƙarancin kalmomin bayyana abin da jiki yake ji. Matsalar ita ce wasu kalmomi uku, wato *hannu* da *mutu* da *jijiya*, an ɗora musu kaya fiye da kima, kuma su ne suka fi saurin zuwa baki. An zaɓi Bauci ne saboda a nan Hausa ce harshen cuɗanya tsakanin Hausawa da Fulani da Gerawa da Jarawa da Sayawa da sauran al'ummu. Majinyacin da ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ko wani ƙaramin asibitin unguwa, mai yiwuwa ne Hausa harshensa na biyu ce, likitan da zai saurare shi kuma da Ingilishi ya yi karatunsa. A irin wannan haɗuwa, kalma mai harshen damo ba ƙaramin haɗari ba ce.

2.0 Kalmomin Koke

A dubi waɗannan jimloli, irin waɗanda ake ji yau da kullum:

(1) Hannuna ya mutu.
(2) Hannuna ya sage.
(3) Minjirya ta kama mini hannu.
(4) Hannuna yana zugi.
(5) Hannuna yana raɗaɗi.
(6) Hannuna ya saki, ya yi laƙwas.
(7) Hannuna ya shanye.

Ta fuskar ma'ana, za a iya raba su gwargwadon abin da ya sami gaɓar: ko ji ne ya canza, ko ƙarfin motsi ne ya tafi, ko kuwa ciwo ne ya zo. Jimla ta (3) canjin ji take nunawa kawai. Ta (4) da ta (5) ciwo ne, amma ba iri ɗaya ba: *zugi* yana tafiya da bugawa, shi ya sa ake raka shi da amsa-kama *zut-zut*, alhali *raɗaɗi* ya fi kusa da ƙuna, irin ta barkono a kan rauni. Ta (6) da ta (7) ƙarfi ne ya tafi. Ta (2) kuwa tana nuna gaɓar ta ƙi lanƙwasuwa yadda aka saba, tare da ɗan rashin ji. Wannan rabo da harshe ya yi da kansa ya yi daidai da rabon da likitan jijiyoyi yake yi idan yana duba majinyaci, domin shi ma abin da yake bincike ke nan: ji, da ƙarfi, da ciwo.

Jimla ta (1) ce ta fita daban. Aikatau *mutu* a nan ya tashi daga ma'anarsa ta asali ya faɗaɗa, kamar yadda ake cewa mota ta mutu, ko kasuwa ta mutu, ko jiki ya mutu saboda kasala. Abin da ya haɗa su duka shi ne daina aiki. Amma aikin hannu biyu ne, ji da motsi, kuma *mutu* bai bayyana wanne ne ya tsaya ba. Bai kuma bayyana ko tsayawar ta minti biyar ce ko ta har abada ba.

Kalmar *minjirya* ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. Suna ne na wani kifi marar ƙaya a baya da ake samu a kogunan Neja da Binuwai da tafkin Cadi, wanda yake jan duk wanda ya taɓa shi kamar yadda wutar lantarki take yi. Da wannan suna Bahaushe yake kiran tsattsagar da ake ji a ƙafa ko hannu bayan an daɗe a danne, wadda wasu ke kwatantawa da tafiyar kiyashi ko tsirar allurai. Ba Hausa kaɗai ta haɗa waɗannan abubuwa biyu a kalma ɗaya ba. A tsohon Girkanci, kalmar *narke* tana nufin mutuwar gaɓa, tana kuma nufin wani kifin teku mai irin wannan ja. Dacewar ba ta banza ba ce, domin da lantarki jijiya take aika saƙo, kuma minjirya saƙo ne da ya rikice.

Sai kalmar *hannu* kanta. A Hausa, tun daga kafaɗa har zuwa kan farce sunansa hannu. Akwai keɓaɓɓun sunaye, irin su damtse da gwiwar hannu da tsintsiyar hannu da tafi da yatsu, amma mai koke ba ya fara kawo su sai an tambaye shi. Ingilishi kuwa kalmomi biyu gare shi, ɗaya ta tafi da yatsu, ɗaya ta sauran. Ke nan duk tafintan da ya juya jimla ta (1) zuwa Ingilishi tilas ya zaɓi ɗaya, zaɓin da mai maganar bai yi ba. Kamar yadda za a gani a gaba, sanin wurin da ya mutu shi ne rabin gano cutar.

2.1 Jijiya

Kalmar *jijiya* ba ta cikin jimlolin da ke sama, amma ita ce take fitowa da zarar an fara neman dalili. A Hausar yau da kullum tana ɗaukar aƙalla abubuwa uku waɗanda aikinsu ya sha bamban. Akwai hanyar da jini yake bi. Akwai farar igiya mai tauri da take ɗaure tsoka da ƙashi, wadda mahauci ya sani sarai, wadda kuma ta dunduniya take da sunanta na kanta, wato *agara*. Akwai kuma zaren da ya taso daga ƙwaƙwalwa da laka yana kai saƙo yana komowa da shi. Dalilin haɗa su a fili yake: a ido duka dogaye ne sirara masu ratsa nama, har ma saiwar itace akan kira ta jijiya. An raɗa sunan ne bisa siffa, ba bisa aiki ba.

Domin sauƙin bayani, a wannan maƙala za a kira ta farko *jijiyar jini*, kamar yadda aka riga aka saba, ta biyu *jijiyar tsoka*, ta uku kuma *jijiyar saƙo*.

3.0 Abin da Yake Faruwa a Cikin Hannu

Jijiyoyin saƙo na hannu suna fitowa ne daga laka ta tsakanin ƙasusuwan wuya, su sarƙe a ƙarƙashin ƙashin kafaɗa, sannan su rabu su gangara. Uku daga cikinsu ne suke isa yatsu, kuma kowacce da yankinta. Ta tsakiya, wadda likitoci ke kira midiyan, ita take kula da jin babban yatsa da manuni da na tsakiya da rabin na zobe ta ɓangaren tafi. Ta gefen ciki, wato alna, tana da ƙaramin yatsa da ɗaya rabin na zobe. Ita ce mutum yake bugewa a gwiwar hannu ya ji abu ya tsarga masa har ƙaramin yatsa. Ta uku, radiyal, tana zagaya bayan ƙashin damtse, tana kula da jin wani sashe na bayan hannu, kuma ita take ɗaga tsintsiyar hannu da yatsu sama.

3.1 Danniya

Idan mutum ya yi matashi da hannunsa a kan tabarma, ko ya kwanta a kansa ya takure saboda sanyi, nauyin jiki yana matse jijiyar saƙo tare da ƙananan hanyoyin jinin da suke ciyar da ita. Sai ta daina isar da saƙo, hannu ya yi dum kamar ba na mai shi ba. Da an ɗaga nauyin, jini ya koma mata, sai zarurrukanta su shiga aika saƙo barkatai kafin su daidaita. Wannan ita ce minjirya. Saboda haka minjiryar da take biyo bayan danniya alamar farfaɗowa ce, kuma cikin 'yan mintoci komai yake wucewa. Bayanin da jama'a ke yi cewa "jini ne ya tsaya" yana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba jinin hannun gaba ɗaya ne ya tsaya ba.

Mai barci na ƙa'ida yana juyawa sau da yawa cikin dare ba tare da ya sani ba, wannan ne yake kare shi. Amma wanda gajiya ta yi wa yawa, ko ya sha maganin barci ko abin maye, yakan kwashe sa'o'i bai motsa ba. A ɗauki misalin mai gadin da barci ya sace a kan kujera ya rataya damtsensa a kan majinginarta, ko fasinjan da ya yi haka a mota daga Bauci zuwa Maiduguri. A nan jijiyar radiyal ce take matsuwa tsakanin katako da ƙashi. Da gari ya waye sai a ga tsintsiyar hannu tana reto, ya kasa ɗaga ta, ya kasa miƙe yatsu. Turawa suna yi wa wannan laƙabi da shanyewar daren Asabar, saboda mashaya aka fi sani da ita. A rabe-raben raunin jijiya da likitan Ingila Herbert Seddon ya yi a 1943, galibin irin wannan yana faɗawa a mataki mafi sauƙi, inda zaren bai tsinke ba, rigarsa ce kawai ta taɓu. Yakan warke cikin makonni zuwa 'yan watanni. Mai wannan lalura da jimla ta (7) zai yi koke, kuma hankalin danginsa zai tashi fiye da yadda cutar ta kai.

3.2 Matsi a Mashigi

Akwai wanda kokensa ba na dare ɗaya ba ne. Kusan kullum cikin dare minjirya da raɗaɗi suke tashinsa, sai ya yarfa hannu ko ya sauke shi ƙasa kafin ya samu sauƙi. Mafi yawan lokaci dalilin yana tsintsiyar hannu. A nan akwai wani ƙuntataccen mashigi, ƙasusuwa a ƙasa da gefe, tauraren tantani a sama, wanda jijiyar midiyan take ratsawa tare da jijiyoyin tsoka guda 9 masu lanƙwasa yatsu. A Hausar yau da kullum sai a ce jijiyoyi 10 ne suka bi ta wurin, ba tare da an bambanta cewa guda ɗaya ce tak daga cikinsu take ji ba. Idan wurin ya kumbura, ita ce take shan wahala, kuma lanƙwashe tsintsiyar hannu cikin barci yana ƙara matsin. James Paget ya bayyana matsin wannan jijiya tun 1854, amma rubuce-rubucen George Phalen na Amurka daga shekarun 1950 ne suka sa likitoci suka san yawanta. An fi samunta ga mata, musamman masu juna biyu a watannin ƙarshe, da masu ciwon suga, da masu aikin da yake maimaita damƙa da murɗa ko riƙe abu mai jijjiga. Alamarta ita ce ƙaramin yatsa ba ya shiga ciki. In an bar ta ta daɗe, tsokar gindin babban yatsa takan zube, allura da maɓalli su riƙa kuɓucewa. Ga tela ko mai ɗinkin hula, wannan batun abinci ne.

Idan kuwa ƙaramin yatsa da na zobe ne suke mutuwa, hankali sai ya koma gwiwar hannu, inda alna take miƙewa ta matsu idan aka kwana da hannu a naɗe. Wani lokaci kuma tushen yana can sama a wuya: faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya turo, ko ƙashi ya yi tsiro saboda shekaru, ya taɓa saiwar jijiya. Mai wannan yakan ji ciwon yana tsargawa daga wuya ta kafaɗa zuwa yatsu, yana ƙaruwa idan ya juya kai ko ya yi tari. Shi yakan ce wuyansa ya *riƙe* ko ya *ƙage*, amma sau da yawa sai an tambaye shi, domin hannun ne ya dame shi.

3.3 Cutar da Ta Shafi Jiki Duka

Ciwon suga yana lalata jijiyoyin saƙo sannu a hankali, yana farawa daga yatsun ƙafa ta ɓangarori biyu kafin ya kai hannuwa. Ƙarancin sinadarin B12 ma yana yin haka. Ita kuwa kuturta, wadda yankin Bayara da ke bayan garin Bauci ya daɗe da suna wajen jinyarta, jijiyar alna tana cikin waɗanda ta fi kamawa, kuma takan zo da wani ɗigon fata da ya canza launi wanda ba ya jin taɓi. Tana warkewa da haɗin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya take samarwa kyauta tun 1995, amma jijiyar da ta riga ta lalace ba lallai ta komo ba. Mai sikila shi ma yakan tashi da ciwon hannu a lokacin hunturu, sai dai nasa zugin ƙashi ne mai tsanani, ba mutuwa ba.

3.4 Wanda Ba Ya Jira

Duk abubuwan da aka ambata suna ba da lokaci. Biyu ne ba sa bayarwa.

Na farko shi ne shanyewar ɓarin jiki, wadda take faruwa idan wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. A nan hannun lafiyarsa lau, cibiyar da take ba shi umarni ce ta taɓu. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, ya nuna hawan jini shi ne kan gaba nesa a cikin musabbabanta, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na majinyatan fashewa ce ba toshewa ba. An kuma kiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu toshewar, da ita suke farkawa daga barci. Abin da ya sa take yaudara shi ne galibi hannun ba ya ciwo. Tunda a tunanin mutane ciwo shi ne ma'aunin tsananin cuta, hannun da ya yi nauyi kawai ba ya zugi sai a ce kwanciya ce. Alamomin da suke rarrabe ta suna wajen hannun: baki ya karkace, magana ta sarƙe ko ta ɓace, ƙafar wannan ɓangaren tana ja, gani ya ragu. Wani lokaci alamomin sukan zo su wuce cikin mintoci, mutum ya ce ai ya mutu ne ya dawo. Wannan gargaɗi ne, domin babbar takan biyo baya cikin 'yan kwanaki.

Maganin da yake narkar da gudan jinin da ya toshe hanya ana ba da shi ne a ƙa'ida cikin sa'o'i huɗu da rabi daga farawar cutar, kuma sai bayan hoton ƙwaƙwalwa ya tabbatar ba fashewa ba ce. Ko a inda ba a samun wannan magani, isa asibiti da wuri yana da amfani wajen kula da hawan jini da numfashi da haɗiya. Majinyacin da haɗiyarsa ta taɓu, ɗura masa ruwa ko kunu ko jiƙo a gida yana iya sa abin ya bi ta huhu.

Na biyu shi ne toshewar jijiyar jinin zuciya. Tun 1768 William Heberden ya bayyana wa likitocin Landan ciwon ƙirjin da yake sauka hannun hagu. Mai wannan yakan ji kamar an aza masa dutse a ƙirji, da zufa da haki, ciwon kuma yana gangarawa ta cikin damtse. Nan ma harshe yana da nasa tarkon. *Ciwon zuciya* a Hausa yana nufin cutar tsokar da ke ƙirji, yana kuma nufin baƙin ciki, saboda haka tambayar "Kana da ciwon zuciya?" ba ta cika samun amsar da likita yake nema ba. Tambaya a kan *ƙirji* ta fi kai wa ga gaci.

4.0 Wa Ya Aikata?

Wani abin lura a ginin waɗannan jimloli shi ne matsayin aikau. A (1) da (2) da (6) da (7) hannu ne a gurbin aikau, aikatau kuma ƙi-karɓau ne, wato ba a ambaci wanda ya jawo abin ba. A (3) kuwa an mutuntar da yanayin, minjirya ce take *kamawa*. Aikatau *shanye*, wanda yake giredi na huɗu a tsarin Parsons (1960), giredin da yake nuna ƙarewar abu ƙaƙaf, yana aiki ta fuska biyu:

(8) Hannun yaron ya shanye.
(9) Inna ta shanye hannun yaron.

Jimla ta (9) tana ɗauke da bayanin musabbabi a cikinta. Inna tana cikin iskokin bori, kuma daga wannan imani aka sami sunan *shan inna*, wanda ma'aikatan lafiya suka ɗauka ya zama sunan cutar foliyo a duk tsawon yaƙin rigakafin da ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar ta daji a 2020. Renne (2010) ta nuna yadda fahimtar mutane game da wannan suna ta shafi yadda suka karɓi rigakafin a Zariya. Ko da mai magana bai yarda da bori ba, inuwar (9) tana bin (8). A karin harshen Bauci ma, inda ba a cika bambanta jinsi ba, har akan ji "ƙafana ya mutu", ɗan bambancin nan na *ya* da *ta* da yake nuna akwai wata mai aikatawa yakan dushe, sai mahallin magana ne kaɗai zai raba.

Haka abin yake ga *dannau*, sunan da aka gina daga *danna* da ɗafa-ƙeyar *-au*, kamar *mantau* da *sanƙarau*. Shi ne yanayin da mutum yake farkawa ya kasa motsi da magana, yana jin kamar an hau ƙirjinsa. Bayaninsa a likitance shi ne, a lokacin barcin mafarki ƙwaƙwalwa tana kashe ƙarfin tsokoki, wani lokaci kuma hankali yakan riga jiki farkawa. Yana kama jiki duka ne, ya saki cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, ba ya barin komai. Saboda haka duk "dannau" ɗin da ya tafi ya bar hannu ɗaya ko ɓari ɗaya a sake, ba dannau ba ne.

*Sanyi* shi ne aikau na uku, kuma shi ya fi kowa shan zargi a Bauci daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Wall (1988), a nazarinsa na magungunan Hausawa a ƙasar Malumfashi, ya nuna irin gurbin da sanyi yake da shi a matsayin mai shiga jiki ya haddasa cuta. Gaskiya ne sanyi yana sa a takure cikin barci, yana kuma tayar da ciwon gaɓɓai da na sikila. Amma da zarar an ce sanyi ne, an riga an zaɓi magani: gashi da ruwan zafi, da man zafi, da tausa. Fatar da ba ta ji kuwa ba ta sanin ruwa ya yi zafi da yawa, shi ya sa mai ciwon suga ko kuturta yakan ƙone bai sani ba.

A nan ne harshen damon *jijiya* yake yin ɓarnarsa. Likita ya ce wa majinyaci, "Ciwon jijiya ne," yana nufin jijiyar saƙo ta matsu a tsintsiyar hannu. Majinyaci ya ji jijiyar jini, ya fahimci mataccen jini ne ya taru, ya nufi wurin wanzami a yi masa ƙaho. Wani kuma ya ji jijiyar tsoka, ya ɗauka targaɗe ne, ya nufi wurin maɗori. Babu wanda ya yi wauta a cikinsu, kowa ya bi ma'anar da kalmar ta ba shi dama.

5.0 Gurbin Masana Harshe

Aikin samar da keɓaɓɓun kalmomi a Hausa ba sabo ba ne. Littafin da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990 ya daidaita kalmomin nazarin harshe da adabi, kuma da su ake koyarwa har yau. Abin da wannan nazari yake nunawa shi ne, a fagen lafiya buƙatar ba ta tsaya ga fassara sunayen cututtuka ba. Sunan Hausa na matsin jijiyar midiyan ba zai amfani tela da komai ba in ba a raba masa *jijiya* gida uku ba tukuna. Wannan rabo ba ya buƙatar aro. Tsarin suna da mahaɗi da suna, wanda ya ba da *jijiyar jini*, ya isa ya ba da sauran biyun, muddin masu fassara da gidajen rediyo da makarantun koyon aikin jinya suka tsaya a kan abu ɗaya.

Na biyu, tambayoyin da suke warware jimla ta (1) duka suna nan cikin nahawun harshen. "Daga ina zuwa ina?" tana warware *hannu*. "Ji ne ba ka yi, ko ɗagawa ce ba ka iyawa?" tana warware *mutu*. Bambancin shuɗaɗɗen lokaci da sabau, wato "ya mutu" da "yakan mutu", shi yake raba danniyar dare ɗaya da matsin mashigi, ko da yake mai koke yakan yi amfani da shuɗaɗɗe ko da abin ya shekara yana damunsa, sai an ja shi da "Yau ne farko?"

A Ingila ne aka harhaɗa haruffan farko na kalmomin fuska da hannu da magana da lokaci suka ba da kalmar Ingilishi mai ma'anar gaggawa, domin jama'a su riƙa tuna alamomin shanyewar ɓarin jiki. Juya wannan dabara zuwa Hausa harafi da harafi ba zai yi tasiri ba, domin haruffan ba za su ba da kalma ba, kuma yawancin waɗanda ake son saƙon ya kai gare su da kunne za su karɓe shi. Gajeriyar magana mai kari za ta fi zama, alal misali: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, sai asibiti.

Saura batun lokaci. Jimlar "na tashi hannuna ya mutu" lokacin da aka tarar da abin take faɗi, ba lokacin da ya faru ba. Likita kuwa ba daga farkawa yake fara lissafin sa'o'i huɗu da rabin nan ba, daga lokacin ƙarshe da aka ga majinyaci lafiya yake farawa. Wanda ya kwanta ƙarfe goma na dare ya farka da asuba, a wannan lissafi ya riga ya wuce wa'adi, sai dai in akwai na'urar hoton maganaɗisu da za ta nuna cutar sabuwa ce, kamar yadda wani gwaji da aka yi a Turai ya tabbatar a 2018. Amma in matarsa ta gan shi ya tashi ƙarfe uku ya ɗauki buta da wannan hannun, lissafi ya canza gaba ɗaya. Tambayar "Yaushe ya fara?" ba za ta fito da wannan bayani ba, domin amsarta kullum ita ce "Da safe muka gani." Hausa tana da ginin da ya dace da wannan buƙata daidai, wato na *rabo*: "Yaushe rabon da a gan shi yana amfani da hannun?" Ita ce tambayar da ya kamata a koya wa ma'aikacin da yake karɓar majinyata a ƙofar sashen gaggawa, kuma dangin da suka kwana ɗaki ɗaya da majinyacin ne za a yi wa ita.